Kyanwar Mbah Tukiyem da Ƙwallon Lengkeng

Mbah Tukiyem maƙwabciyata ce, tsohuwa mai sayar da lengkeng, wasu ƙananan 'ya'yan itace masu zaƙi da ƙwallo a ciki, a bakin titin ƙauyenmu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna Jakarta. Sai ita da kyanwarta Cemong, wadda ta tsinta a kwata tun idonta bai buɗe ba.

Da yamma takan zauna a baranda ta ɓare waɗanda suka yi kwantai, ta shanye, ta wurga ƙwallon ƙasa. Ƙwallon baƙi ne sumul, ga gangarawa. Cemong ta bi shi a guje, ta cafke da baki.

Na ce, "Mbah, wata rana fa sai ta haɗiye."

Ta yi dariya ta ce, "Ke Warsih, wannan ai ta fi mijinki wayo."

Tsakiyar damina Cemong ta fara amai. Aka ba ta kifi ta kau da kai. Mbah ta ɗura mata ruwan kwakwa, ya dawo. Ta shafa mata mai a ciki, ta yi addu'a ta tofa, duk a banza. Da jikin ya ƙi, ta naɗe ta a zane, na goya su a babur zuwa wurin likitan dabbobi a cikin gari.

Ya lalubi cikin ya ce, "Wani abu mai tauri ya toshe hanjin. Da me take wasa?"

Mbah ta sunkuyar da kai. Ni na ba shi amsa, na ce da ƙwallon lengkeng.

Ya ce, "Sai an yi mata aiki. Ni shanu da awaki nake dubawa, ba ni da kayan. Ku wuce birnin Semarang yanzu."

Muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba muka tarar ƙasa ta zabtaro ta rufe titi, motoci jere ana jiran masu kwashewa. Mbah ta bi direbobi ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko akwai wata hanya. Kowa ya ce babu. Muka zauna a rumfar mai shayi, ruwa na zuba, Cemong na nishi a cinyarta har ta daina.

A gindin ayaba muka binne ta. Washegari babban ɗan Mbah ya kira a waya, ina jin muryarsa yana cewa, "Haba Mama, kyanwa ce fa kawai." Mbah ta miƙo min wayar, ta shiga ciki ta ɗora shinkafa.