Ranar da Gwaggo ta kai mu neman aure

Har gobe ban manta da ranar da muka fita duba rijiya a ƙasar Rumbu muka dawo da alkawarin aure ba. Tunda ku sababbin direbobi kuna ƙorafi cewa ina tsare ku da tambayoyi duk lokacin da kuka dawo daga daji, bari in ba ku labarin daga tushe.

Ni ne shef na gareji a projen gyaran rijiyoyin makiyaya da ke nan Dakoro. Ga wanda bai san aikin ba, shef na gareji shi ne wanda ake zagi idan mota ta mutu, a manta da shi idan ta kai lafiya. Ni ke raba motoci, ni ke bayar da gazuwal, wato man mota, ni ke cewa wane ya bi wane. Sama da ni akwai shef na buro, sama da shi kuma akwai Direkta, wanda ke zaune a Yamai yana leƙo mu jefi-jefi.

A shekarar da aka kawo mana sababbin motocin shiga daji, kat-kat, masu allo a gaban direba, aka ce zamani ya canza. Kana haɗa portabul ɗinka, wato wayar hannu, da mota ta igiyar caji, taswira ta fito a allon, sai wata murya ta mace ta riƙa gaya maka da Faransanci inda za ka karya. Direbobi suka sa mata suna Gwaggo, don ba ta gajiya da ba da umarni kuma ba ta sauraren bayani. Daga nan zuwa Maraɗi babu abin da za ka faɗa mata. Amma kana sauka daga babbar hanya ka shiga rairayi, sai allon ya zama fili fetal, babu gari babu layi, Gwaggo ta yi tsit.

Sai Direkta ya ce mu yi tamu taswirar da kanmu. Aka ba Madam Rabi aikin, ita ce mai kula da ordinatocin buro, wato kwamfutocin ofis. Tsarin mai sauƙi ne. A sa portabul a motar tsohon direba, duk inda taya ta taka waya na riƙewa ko da babu rezo, wato sabis ɗin waya. Idan ya dawo, Madam Rabi ta ciro layin, ta gyara shi, ta sa masa suna, ta tura wa wayoyin sauran direbobi. Don ta gane inda rijiya take, sai ta kafa ƙa'ida cewa wurin da mota ta fi daɗewa tsaye, kuma a kowace tafiya, nan ne wurin aiki. Da ta karanta mana wannan a taro har da ni aka gyaɗa kai.

Hanyar Rumbu Malam Illa aka ba. Shi ne mafi tsufa a cikin direbobinmu, mutumin wajen Tanut, matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa duk sun kama gabansu. Mutum ne da idan ka gaishe shi da ƙarfi sai ya ji kunya. To ashe a wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar, wanda ba zan faɗi sunansa ba, akwai wata bazawara mai suna Habsu da ke yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk gareji mun sani, don motarsa ba ta dawowa sai da ƙamshin tuya. Sai dai zawarcin Illa iri ne na daban. Zai tsaya a ƙofar gida, ya gaida yayanta Malam Nomau, ya tambayi lafiyar bisashe, ya sha ruwa, ya zauna, ya ƙara zama, sannan ya tashi ya tafi bai ce komai ba.

Habsu ta gaji. Ta aika masa cewa ko dai ya turo manyansa kafin ruwa ya sauka, ko ya daina toshe mata ƙofa da mota, don akwai wani mai fataucin shanu da shi ma yake gaisuwa kuma shi bakinsa na buɗewa. Manyan Illa kuwa suna can nesa, sun tsufa, mu kuma da muke kusa ya kasa buɗe baki ya roƙe mu. Ga kuma dokar Direkta, cewa duk wanda ya kauce hanya da motar proje don buƙatar kansa korarre ne. Ba wasa yake ba, ya riga ya kori wani a kan damman hatsi da ya kai gidansu.

Illa ya san da dokar, saboda haka ya yi dabara. Duk lokacin da zai karya zuwa ƙauyen Habsu, sai ya cire hularsa ya rufe portabul da ita. A lissafinsa Gwaggo ba ta gani ke nan.

Wajen ƙarshen rani Direkta ya zo da baƙi daga Yamai don ya nuna masu sabon aikin. Mota uku muka fita. Ya ce a sa Lawali a gaba, sabon direba daga Maraɗi wanda bai taɓa taka ƙasar Rumbu ba, don baƙi su ga cewa ko baƙo zai kai rijiya da allo kaɗai. Ya hana tambayar hanya, ya hana wuce motar gaba. Ni da Direkta muka shiga ta Lawali, Madam Rabi da baƙi suna ta tsakiya, Illa na can baya da kayan aiki. Kowa ya ci babbar riga saboda za a ɗauki hoto. Kuma kamar yadda muke yi a kowace fita, mun ɗauki goro da sukari da ganyen shayi na gaida maigari.

Da farko Gwaggo ta yi abin kirki. Ta kauce mana ramuka, ta zagaye tudun yashi daidai yadda Illa ke zagaye shi. Direkta na ta murmushi yana shafa allon. Sai muka iso wani babban gawo inda hanyar rijiya ke yin hagu, na ji Gwaggo ta ce a yi dama. Nan take na gane hanyar ƙauyen Habsu ce.

Na ce, "Mushe Direkta, ni dai ina ga kamar..."

Ya ɗaga mini hannu. "Shef, yau ba ta bakin mutum muke ji ba. Lawali, bi abin da ta ce."

Can baya Illa ya fara danna oda yana kunna fitilu da rana tsaka. Direkta ya waiwaya ya ce, "Tsohon can murna yake yi?" Lawali, wanda bai san komai ba, ya ce, "Awo Mushe, ga alama abin ya burge shi."

Gwaggo ta shigar da mu ƙauye, ta bi da mu bayan masallaci, ta ratsa wani lungu da sai da muka naɗe madubai, ta zagaye rumbunan hatsi, ta kai mu inuwar wata bishiyar bedi a ƙofar wani gida mai dannin kara. Sannan ta ce, cikin natsuwarta, mun iso.

Babu rijiya, babu raƙumi, sai wata akuya da ke kallon mu. Direkta ya duba, sai fuskarsa ta washe. Ya ɗauka gidan maigari ne. Ya ce, "Ka gani, Shef? Har ladabi ta iya. Sai an gaida masu gari kafin a je rijiya." Kafin in haɗa kalma biyu ya fita, ya gyara babbar riga, ya rungumi ƙunshin goro.

Malam Nomau ya leƙo daga zaure. Ya ga mota uku, ya ga manyan riguna, ya ga goro, ya hango motar da ya sani a baya. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allahu akbar! Illa ya cika alkawali! Ku kawo tabarmi, manyan Illa sun iso!" Nan take guɗa ta tashi daga cikin gida. Kafin ka ce me, an shimfiɗa tabarmi, liman ya zo yana gyara rawani, dattawa sun jeru, an kawo fura a ƙwarya. Na waiwaya neman Illa, sai na hangi ƙafafunsa kawai. Ya shige ƙarƙashin mota da sufana yana buga abin da bai lalace ba. Wani dattijo ya nuna ƙafafun ya ce, "Kun ga ɗan mutunci. Ango bai zama inda manya ke magana."

Na jawo Direkta bayan mota na gaya masa gaskiya duka. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza da sauri haka ba. Madam Rabi ta iso tana duba wayarta, ta ce, "Mushe, wallahi nan ne ya hi daɗewa. Rijiyar ɗan tsayawa kawai yake yi."

Direkta ya duƙa ya ce, "Malam Illa, me ke nan?"

Daga ƙarƙashin mota muka ji, "Mushe, na ruhe ta da hula. Kullum sai na ruhe ta."

Direkta ya miƙe yana huci. Ya ce maganar Illa ta ƙare, muna komawa Dakoro zai ajiye makulli. Yanzu kuma in je in gaya wa mutanen nan ɓatan hanya muka yi, mu wuce.

A nan ne dariyar da nake dannewa ta gudu, tausayi ya kama ni. Na ce, "Mushe, kora taka ce, ba mai hana ka. Amma ka kore shi a Dakoro. Matar nan an riga an yi mata guɗa gaban gari duka. In munka ce kuskure ne, ita ba ta sake hita kasuwa da daɗin rai, shi kuwa ko hanyar garin ga bai ƙara bi. Tsoho ne, Mushe, kuma shi kaɗai yake kwana a ɗaki."

Direkta ya juya. Ya tsaya yana kallon dattawan da suka bar masa wuri a tsakiyar tabarma, ga kuma baƙinsa na Yamai sun riga sun zauna suna shan fura, ɗaya har yana ɗaukar hoto. Ya ja dogon numfashi, ya cire takalmi, ya je ya zauna.

In faɗi gaskiya, ya iya. Ya ajiye goro, ya yi sallama, ya ce sun zo nema wa ɗan'uwansu Illa auren Habsu. Malam Nomau ya yi godiya, sannan ya shiga tambayoyin da ake yi wa wakilin ango. Ya tambayi asali, na taimaka. Ya tambayi hali, Direkta ya ce mutum ne mai haƙuri, ya ɗan yi tari, ya ƙara da cewa kuma ya san hanya. Sai Malam Nomau ya gyara zama ya ce:

"To saura guda, ranka shi daɗe. Aikin ga nashi, tsayayye ne? Don mun ji wurinku ba a wuyar sallamar mutum. Ba mu son mu ba da ƙanwarmu yau, gobe a ce ya zauna."

Ƙarar sufana a ƙarƙashin mota ta tsaya cak. Madam Rabi ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na kafa wa akuyar nan ido, don ban iya kallon kowa ba. Direkta ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

Ya ce, "Tsayayye ne."

Liman bai bar maganar ta huce ba. Ya ce, "Jama'a, kun ji daga bakin mai gidansa. Kun shaida?" Gari duka ya amsa, "Mun shaida!" Har baƙin Yamai da ba su san abin da ake ciki ba suka amsa tare.

Da yake bazawara ce, sai an ji ta bakinta. Malam Nomau ya ɗaga murya ya tambaye ta ta bayan danni. Habsu ta ce, "Yaya, na yarda. Amma a ce mai ya hito haka nan in gan shi, ni ba ƙahwahu zan aura ba." Aka jawo Illa da ƙafa, rigarsa duk baƙin mai, idonsa ya yi ja, aka shafa fatiha a kansa a haka.

Rijiya dai mun je, Illa ne a gaba, makiyaya sun gaji da jira har wasu sun kora dabbobinsu. A hanyar dawowa, da muka hango Dakoro, Direkta ya juyo wurina. Sannan ya ce, "Shef, sauran hanyoyin nan, kafin kowa ya sake bin su, a bi su ɗaya bayan ɗaya." Muka bi. Ta Maiyara ta ƙare a gaban mai kilishi. Ta Ajekoriya ta kai mu gindin wata tsamiya a tsakiyar daji, inda babu komai sai inuwa mai daɗin barci. Madam Rabi ta soke ƙa'idarta, ta kafa sabuwa, cewa ba za ta sa wa kowane wuri suna ba sai ni na zaunar da direba na tambaye shi me ya tsayar da shi a can.

Wannan ne tambayoyin da kuke ƙorafi a kai. Abin da na koya shi ne, allon nan bai san daji ba, mu ya sani. Inda direba ya je yake nunawa, kuma direba mutum ne, yana jin yunwa, yana jin barci, wani lokaci kaɗaici ne ke juya masa sitiyari. Ba na tambayar ku don in kama ku. Ina tambaya ne don idan akwai ƙofar da kuke tsayawa kun kasa magana, in sani tun kafin in kai Direkta can.

An ɗaura auren bayan shuka. Ranar da Illa ya dawo aiki na same shi a gareji da sassafe yana wanke mota, na fara tsokanarsa kamar kullum. Bai yi dariya ba. Ya matse tsumma, ya dube ni ya ce, "Shef, ka bar dariya. Da ta kai ku rijiya ran nan, da har yau gaisuwa nike yi."