Rigar Kyaftin Ta Sami Mai Ita

Kullum ƙarfe bakwai Gwaggo Tela take buɗe shago, ta share, ta ɗiga wa keken ɗinki mai. Daga nan sai kayan makaranta da zif ɗin da ya mutu, har Juma'a. Amma ranar Asabar, ko kai wane ne, sai dai ka koma da ɗinkinka, don ranar ta 'yan sama jannati ce.

Wasu ne, malamin lissafi da nas da mai gyaran firji, wani shirin talabijin na jiragen taurari ya shiga ransu. Da aka daina shirin suka ce ba su yarda ba, suka ari wani tsohon sito suna ɗaukar nasu ci gaban, suna sawa a intanet kyauta. Shekara goma sha ɗaya Gwaggo na ɗinka musu kaya don ra'ayi kawai. A gabanmu, mu masu taya su aikin, ta mai da labulen banɗaki alkyabbar sarauniyar wata duniya. A gabanmu ta farke ɗinkin yini guda saboda maɓallan kafaɗa sun zama huɗu, alhali a shirin asali uku ne.

Aibinta ɗaya, rigar kyaftin. Kullum hannu gajere, kafaɗa kuwa da faɗi. Nas ɗin da ke fitowa a kyaftin ta sha mita, Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, jikinki ne ya karkace."

Bana idon Gwaggo ya fara gazawa, ta ce wannan fim ne na ƙarshenta. Saura kwana biyu a ɗauka aka yi wa nas canjin wurin aiki, ga mai sito zai karɓi makullinsa ranar Litinin. Hankali ya tashi, fim zai mutu. Mai gyaran firji ya ɗaga rigar, ya dubi Gwaggo, ya sake duban rigar.

"Gwaggo, tsakaninki da Allah, awon wa kike yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun ina aji uku na ce zan tuƙa jirgi, aka yi mini dariya. To, in na rufe shago nakan gwada ta a madubi."

Aka matsa mata ta saka, rigar ta zauna mata cif. Maganganun kyaftin kuwa tuni ta haddace su tana ɗinki a gefe. Ranar ɗauka ta hau kujerar kyaftin, wata kujerar aski da aka fente, ta ɗaga hannu ta ce, "A ta da injin!" Ɗauka ɗaya aka yi. Malamin lissafi, mai riƙe da kyamara, sai da ya share ƙwalla.

Gwaggo, ke ce kika fahimtar da mu abin da ke kawo mu siton nan: kowa na da rigar da yake gwadawa a ɓoye. Mun gode, uwar jirgi, Allah ya ƙara lafiyar ido. Ku kuma masu allura da masu guduma, ku ba da Asabar ɗinku kamar yadda ta bayar. In kun kalli fim ɗin, ku jira sunayen ƙarshe, nata sau biyu ya fito: tela, sannan kyaftin.