Ranar da sarƙar mashin ta tona asirin Inna

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da wata safiyar Asabar a ƙofar gidana a Illela ba. Ranar ce sarƙar mashin ɗina ta gaya mini ciwon da mahaifiyata ta daɗe tana ɓoye mini.

Ni mutum ne mai tsirfa a kan mashin, abokan aikina a sakatariya ma sun sani. Tun ranar da wani bakanike ya ɗaure mini sarƙa tamau, ta tsinke da ni a hanyar Darna, na turo mashin cikin rana har gida, na ce ba wanda zai ƙara taɓa mini ita. Na sayi sifanuna, na cire murfin sarƙar na ajiye, duk Asabar ni ke dubawa da kaina. Aikin ba wuya. Ka kafe mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya, ka juya tayar baya a hankali har ka sami inda sarƙar ta fi ɗamewa, ka tura ta sama da yatsa. In ta yi sako-sako, ka sassauta babban notin taya, ka ja ƙananan notin nan na hagu da dama daidai wa daida don kada tayar ta karkace, ka mayar ka ɗaure. Sai dai akwai abin da mutane ke mantawa: in aka hau mashin, sifirin na baya ya lotsa, sarƙa ƙara ɗamewa take yi. Shi ya sa nake sake taɓa ta bayan an hau, kuma in zan ɗauki mai nauyi, ina bar mata sarari.

To, a duk masu hawa bayana ba wanda ya kai Inna nauyi. Mace ce ƙaƙƙarfa, mai jiki. In ta zauna, sai ka ji mashin ya yi ƙasa, sararin yatsa biyu da na bari ya koma ɗaya. Yatsana ya san nauyin Inna fiye da idona, kuma wannan ba wasa nake faɗa ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma Bafulatana ce ta asali. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "mai mashin" take ce mini. In na je Tozai gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa, ita tana can cikin ɗaki ta kau da kai. Ina kwana, lahiya lau, ya aiki, alhamdu lillahi, na ajiye abin da na kawo na fita. Haka muka saba, ban kuma taɓa ganin aibin hakan ba.

Wannan karon ta kwana biyu ba ta hau bayana ba, tun kafin damina. Ta zo ranar Juma'a a mota, da nufin in kai ta Amarawa sunan jikan ƙanwarta. Da safe na gyara sarƙa na bar sararin da na saba bar mata, na shafa baƙin mai, na sauke mashin na hau. Ta fito cikin babban hijabinta ta hau. Na sunkuya na kai yatsa.

Sarƙa na nan tana lilo kamar ba a hau ba.

Na ce a raina, kai, yau kuma ni na yi shirme? Na ce, "Inna, ki yi haƙuri ki ɗan sauka."

Ta sauka tana cewa, "Wanga mai mashin da sanabe yake. Mi ya faru kuma?"

Na ce ba komai. Ta koma cikin gida tana cewa a ba ta ruwa. Na sake kafe mashin, na juya taya, na auna. Yatsa biyu cif, yadda na bari. Na duba notuna, a ɗaure suke. Na ce to ko sifirin ne ya ƙage? Na danna kujera da ƙarfi, ta lotsa ta dawo lafiya lau. Har raina ya fara ɓaci, don ba na son abin da zai gagare ni a kan mashin ɗin nan.

Sai na leƙa zaure na kira matata, na ce ta zo ta hau in gwada wani abu. Ita kuwa siririya ce, Inna kullum tsokanarta take wai iska za ta ɗauke ta. Ta zo tana waige-waige kada surukarta ta gan ta, ta ɗane. Na kai yatsa. Sarƙa ta ɗame fiye da yadda ta yi da Inna.

Na ce, "Ke, kin hi Inna nauyi."

Ba ta yi dariya ba. Ta sauko ta rage murya ta ce, "Wallahi tun jiya nike son in yi maka magana, nauyin bakina nike ji. Ruwan da ta sha daga jiya zuwa yau ya ba ni tsoro, kuma ba ta daɗewa ba ta zagaya ba. Da ta cire hijabi za ta yi alwala, na ga awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa."

Na shiga gida. Inna na zaune a kan tabarma da kofin ruwa. Abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo, shi na yi ranar: na durƙusa dab da ita na ɗaga kai na dube ta sosai. Innalillahi! Kumatun nan duk sun zube, idanu sun faɗa, wuya ya yi tsawo. Tsoro ya kama ni, tausayinta ya kama ni, na ji kamar in fashe da kuka, da girmana.

Ta kau da kai ta ce, "Mi kaka kallo? Tashi mu tai, rana na yi."

Na ce, "Inna, tun yaushe ba ki da lahiya?"

"Lahiyata lau. Tsuhwa ne."

"Asibiti za mu."

"Ni suna yak kawo ni, ba asibiti ba."

A rayuwata ban taɓa mayar mata da magana ba. Ranar kuwa na ce, "Wallahi Inna mashin ɗin ga ba shi zuwa Amarawa yau sai likita ya gan ki. In kin so ki yi hushi da ni, na ɗauka."

Na zaci za ta tashi ta nemi mota. Can ta ce da matata, ba da ni ba, "Ɗauko min takalmina."

A asibiti aka ɗebi jininta aka auna. Likitan ya dube ni ya ce ciwon suga ne, kuma ya hau ƙwarai, ya yi mamakin yadda take tafiya da ƙafarta. Ya ce da an ƙara sakaci, wata rana faɗuwa kawai za ta yi. Aka ba ta gado. Da ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta me ya hana ta faɗa tun da wuri, sai ta ce, ina ji daga bakin ƙofa, "Ɗan farina ne. Ƙaƙa zan buɗe baki in ce mai ina yawan hitsari?"

Sunan Amarawa dai ba mu je ba. Da aka sallame ta, na hana ta komawa Tozai sai da ta saba da maganin da irin abincin da aka ce ta ci. An sha daga da ita a kan fura da suga, amma ta bi.

Bayan sallar layya aka yi wani biki a Amarawa, ta ce in kai ta. Na gyara sarƙa kamar kullum, na hau, ta hau. Na sunkuya na kai yatsa, sai na ji ta ɗame, sararin ya ragu sosai. Ban san lokacin da na yi dariya ba.

Ta ce, "Mi kuma?"

Na ce, "Inna, sauka za ki yi in ƙara sassautawa. Kin yi nauyi."

Ta sauka tana cewa, "Ja'iri." Amma na ga tana murmushi, don yanzu ina kallon fuskarta.

Har yau ba ta kiran sunana, ni ma ban fasa durƙusa mata ba. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu. Amma abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kada kunya ta hana ka duban naka. Duk Asabar ina taɓa sarƙa in ji lafiyarta, uwar da ta haife ni kuwa na bar ta sai gaisuwa daga bakin ƙofa. Yanzu in na je Tozai, ciki nake shiga in zauna, in dube ta ido da ido in tambaye ta me ta ci.