Igiyar Akuya da Katakon Raguna

Ni zama wuri ɗaya bai karɓe ni ba. Tun da na aje karatun lakwal ban riƙe sana'a guda ba, yau kabu-kabu, gobe lodin raguna a kasuwar dabbobi ta Dakoro. Shi ya sa da yayata ta ce za ta kai ɗiyanta wurin wasan yara a Maradi bayan ƙaramar salla, ni anka tura in fara gano wurin.

Ɗiyan nata biyu ne. Ƙaramin kurma ne. Tun ran da ya ga lilo mai dawakin ƙarfe cikin wayar salulata yake kewaya turmi yana sukuwa. Babbar kuwa ƙafafunta sun shanye tun tana rarrafe. Tana da keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, kuma bana ta fara ɗaurin kallabi irin na 'yan mata.

"Kawu," ta ce mini, "in goya ni za ka yi gaban mutane, ku tafi, ni na tsare gida."

"Wa zai iya goya ki? Kin fi buhun hatsi nauyi."

"Haka ka ce ran bikin da anka yi a garin Korahane."

Ran nan rairayi ya riƙe keken, na saɓa ta a kafaɗa, yara na bin mu. Ba ta manta ba.

Na ɗauko igiyar akuya, na gwada faɗin keken, na ƙulla. Na bi motar raguna zuwa Maradi. Ina duƙe bakin ƙofar wurin ina gwada igiya, mai gadi, wani dattijo, ya leƙo.

"Samari, ƙofar za ka saya?"

"A'a Baba, keken ɗiyata nake auna wa."

Ƙofa ta wuce ƙullin da tafin hannu. Hanya ma siminti ce. Amma lilon bisa dakali yake, ya kai gwiwata, sai matakala.

"Ai ɗaukarsu ake yi," in ji dattijon.

"Wagga ba ta ɗaukuwa, Baba."

Da na koma wurin motar na tarar ana sauke raguna ta kan dogon katakon nan mai ƙananan sanduna a gicciye. Kullum ƙafata na kansa, ban taɓa dubansa ba sai ran nan. Mai motar ya ara mini. Na cire sandunan inda tayoyi za su bi, na wanke shi da toka da sabulu, na jingina a dakalin zaurenmu.

"Yanzu tunkiya ka maishe ni?" ta ce.

"Tunkiya ba ta da baki irin naki. Hau."

Hawan farko keken ya komo baya. Na kai hannu.

"Kar ka taɓa."

Kullum da marece sai ta gwada, ƙanenta na tsaye bisa dakali yana kiran ta da hannu. Tafinta ya yi kanta. Uwar ta ce a bari hakanan, a ɗauke ta kawai, sau ɗaya ne. Ba ta ko dubi uwar ba.

Bayan salla munka ɗaure keke da katako saman mota. Da munka isa, mutane na kallona da katako a kai. Dattijon ya yi dariya, ya kama mini gefe guda, munka dasa shi jikin dakalin lilon.

Ta gyara kallabi. Na maida hannuwana baya na riƙe su. Tsakiyar katakon keken ya tsaya, na ji yayata ta ja numfashi. Sai yarinyar ta ciji leɓe, ta murɗa, ta haye. Da hannunta ta ja jiki ta faɗa kujerar wata 'yar mota ja, ƙanen na bisa doki kusa da ita.

Lilo ya tashi. Da ya kewayo da ita gabana, ta toshe hanci.

"Kawu, katakon naka har yanzu wari yake."