Abin da ke buga ƙasa a garkar taubashina

Shekarun baya, lokacin gemuna bai gama fari ba, na yi wata wauta da har yau in na tuna nake dariya ni kaɗai: na sayi makullin ruwa don kawai hannunsa ja ne, ya yi mini kyau. Ni karatuna bai wuce in gane sunana a katin zaɓe ba, amma a son taɓa abin da ban sani ba, ba na jin akwai wanda ya fi ni a Maraɗi.

Muna da garka a Jiratawa, mu kaɗan muka haɗu aka haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse, da famfon lantarki. Tiyon da ke kawo mini ruwa dogo ne, an binne shi, ya ratsa ta ƙarƙashin garkar taubashina, Bagobiri mutumin Tibiri, kafin ya ɓullo a tawa. Shi zogale yake nomawa, kuma da shi yake ciyar da gidansa. A bakin tiyona akwai tsohon makulli, wanda 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke ce wa van, mai kai zagayayye da sai ka yi ta murzawa kafin ruwa ya tsaya. Da ya tsufa ya fara ɗiga, sai na hau kabu-kabu na tafi kankayeri, shagon kayan ƙarfe da na famfo, cikin gari.

Mai shagon ya ce, "Baba, me zai bi ta cikinsa? Ruwa ne, mai ne, ko gas? Tiyon dogo ne? Famfo ne ke turo shi?"

Na ce, "Kai ɗan nan, makulli na zo saye ko aure na zo nema? Miƙo mini mai jan hannun can."

Ya ce wannan da juyi ɗaya yake datse ruwa. Na ce ai abin da nake so ke nan, gwiwar hannuna ta gaji da murza. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na riga na kai ƙofa.

Na ɗaura shi, na ji daɗinsa ƙwarai. In na gama ban ruwa, tas! sai in ja hannun, ruwa ya koma wajen maƙwabta, in karkaɗe riga kamar wani injiniya.

Ba a jima ba taubashina ya fara kuka da cewa wani abu na buga ƙasa a garkarsa. Wai yana tsaye sai ya ji gim! ƙarƙashin ƙafarsa, kamar an saki taɓarya cikin rami. Na ce masa, "Yunwa ce, Bagobiri, cikinka ke bugawa." To, amma matan da ke zuwa tsinkar ganye su ma suka ji. Ɗaya ta yar da kwandonta, ta bar takalmi a nan. Magana ta bazu cewa akwai mutanen ɓoye a wajen. Matan suka daina zuwa, ganye ya tsufa a kan ice, masu saye suka koma wasu garake. Ya yi sadakar waina, an yi masa addu'a, bugun bai daina ba. Shi kansa ya koma ba ya shiga tsakiyar garkar, daga gefe yake ba da ruwa, zogalen ya fara ja.

Wata safiya na same shi zaune a kan kunya, ya ce mini zai bar wajen ya tafi cin-rani. Ba da wasa ya faɗa ba, ko ramuwar tsiyar da na yi masa bai yi ba. Na zauna kusa da shi.

Muna zaune na hango mai ɗakina can a garkata. Ta kawo fura, ta ga na bar ruwa na zuba, ta sunkuya ta ja jan hannun nan. Ba ta ɗago ba sai gim! ƙarƙashin mazaunina. Taubashina ya yi tsalle yana salati. Ni kuwa idona na kanta.

Na ɗaga murya, "Ke, sake buɗewa!" Ta buɗe. "Rufe!" Gim!

"Buɗe kuma. Yanzu rufe a hankali, kamar kina rufe ƙofar ɗakin mai jego."

Ta yi ta jansa kaɗan-kaɗan. Shiru. Ko motsi ƙasa ba ta yi ba.

Wallahi daɗin da na ji a lokacin, ko ranar da aka haifa mini ɗan fari sai haka. Na ce, "Bagobiri, na kama maka aljaninka, jan hannu gare shi!" Ya ce, "Mi kake faɗi, mahaukaci?" Na faɗa masa duk yadda na gani. Da na tsaya nan, da an ce na yi hankali. Amma sai na bi garake ina kiran mutane su zo su gani. Na tsayar da su tsakiyar zogale, na sa taubashina daidai inda ya fi bugawa, na koma na buɗe ruwa har ya yi ƙarfi, na ce, "Ku saurara!" Na fizgi hannun da duk ƙarfina.

Wannan karon ba gim kaɗai aka ji ba. Mahaɗin tiyon ya ɓalle, ƙasa ta tsage, ruwa da laka suka yi sama suka sauko kan taubashina, hularsa ta tafi wani waje. Kowa ya watse, ni kaɗai na rage riƙe da jan hannu.

Sai da muka tone layin zogale guda kafin mu kai ga tiyon, maƙwabta suka yi kwanaki suna jan guga suna gaishe ni da maganganun da ba zan rubuta ba. Na koma kankayeri kaina ƙasa. Mai shagon bai yi mini dariya ba sai da ya ba ni kujera. Ya ce ruwan da ke gudu cikin dogon tiyo nauyi gare shi, kamar babbar mota da kaya. In ka tsayar da shi farat ɗaya, sai ya daki abin da ya tare shi, dukan ya koma baya yana neman inda ya fi rauni. Mai murzawar nan da na raina, jinkirinsa shi ne aikinsa. Ya jera mini makullai iri-iri a kan tebur: wanda ke barin ruwa ya wuce amma ba ya barinsa ya dawo, na gas wanda ko iska ba ta sulalewa ta cikinsa, na mai mai zafi wanda ba a sa masa robar da za ta narke. Na yini a shagon ina tambaya har ya ce zai tafi salla.

Na ɗaura mai murzawa. Matan suka dawo, zogalen ya sake tohuwa, taubashina bai tafi ko'ina ba.

Tun daga nan na kamu da wani ciwo: ba na wuce makulli ban tsaya ba. A gidan mai, a inda ake cika tukunyar gas, a injin matsar gyaɗa, sai in tsaya in tambayi me ke bi ta ciki, kuma don me aka zaɓi wannan ba wancan ba. Wasu su amsa, wasu su ce Baba matsa. Abin da ke ba ni mamaki har yau, ruwan da nake sha da hannuna, ashe yana iya fushi in an katse masa tafiya.

Ranar da aka yi tsinkar farko bayan gyara, na bi taubashina gida, aka kawo tuwo da kwaɗon zogale. Na wanke hannu, na kai loma ta biyu, ya dube ni ya ce, "Ni dai da ka bar mini aljanin nan. Shi ko ya ɓata mini garka, ba ya biyo ni gida cin tuwo."