Malama Dakata da 'Yarta

A jami'a Malama Dakata suke ce wa yayata, wasu a bayan idonta, wasu ma a gabanta. Ni Yaya nake ce mata. Ni tela ce, shagona kuma yana kan titin da take bi zuwa aiki, don haka rabin rayuwarta a gaban idona ta wuce. Sau nawa ina kan keken ɗinki in hango motarta a gefen hanya, ta tsaya tana amsa waya, don ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta magana tana tuƙi.

Aikinta shi ne duk wanda jami'a za ta tura ƙasar waje, ɗalibi ko malami, sai ya bi ta ofishinta. Ɗaki ne ƙarami a ƙarshen baranda, da tebur ɗaya, kujeru biyu na baƙi, da fankar da ke kuka. A nan za ta zaunar da mutum ta hau tambaya: ina za ka sauka, wa zai tarbe ka, wane asibiti ne kusa, inshorar ta kai ko ba ta kai ba, wa za a kira in wani abu ya faru. In ƙasar da za shi ta rikice sai ta ce, "Dakata tukuna." Daga nan sunan ya samo asali. Manyan malamai sun sha buga mata tebur. Sai ta bari su gama, ta gyara kofin shayinta da ya goce, ta maimaita abin da ta faɗa.

Ba wannan ta karanta ba, don a lokacin ba a ma san da aikin ba. Da farko akawu ce a ofishin ɗalibai. Wata shekara motar da ta ɗauki masu nazarin duwatsu ta kife a wata ƙasa, iyaye suka cika harabar jami'a da kuka, kowane ma'aikaci ya kama abin da zai iya, ita kuma waya ta faɗo hannunta. Ba ta ajiye ta ba sai da aka dawo da yaran, masu rai da wanda ba shi da rai. Bayan nan aka buɗe ofishin aka ce to ga shi nan, ke kika fara. Aka tura ta kwas, ta dawo da wata irin murya da ban san ta da ita ba, a kwance, ba hawa ba sauka.

Irinsu ba su da yawa. Kowace jami'a mutum ɗaya ko biyu, a ƙasashe daban-daban, duk sun san juna. Suna da zaurensu a waya, suna kiran kansu 'yan ba-barci. Wani ya ce ɗalibinsa ya ɓatar da fasfo a gari kaza, kafin ka sha ruwa wata ta ce tana da mutum a can. Sau ɗaya a shekara suke haɗuwa a wani otal su yi taro. Yaya ta ce in ka shiga zauren taron sai ka yi dariya, kowa ya maƙale a kujerun kusa da ƙofa, gaba ba kowa, mai jawabi yana roƙo a matso. In ta dawo daga taron nan ne kawai nake jin dariyarta ta da, tana ba mu labarin wani Dogo, abokin aikinta na wata jami'a, da ya hana a fara cin abinci sai da ya leƙa kicin. Abin ya riƙa ba ni haushi, wallahi, a ce baƙi ne ke iya fito mata da haƙora.

Suna da ƙa'ida ɗaya da ba sa wasa da ita: ba a faɗa wa mutum mummunan labari yana shi kaɗai. Sai an samu wanda zai tsaya kusa da shi, an zaunar da shi, an tanadi tikiti, sannan a kira. Yaya ba a takarda ta koyi wannan ba. A farkon aikinta wani kawu ya buga wa wani ɗalibinta waya kai tsaye, ya ce masa uwarsa ta rasu. Yaron yana shi kaɗai a ɗaki, a ƙasa mai sanyi. Ya fita ba riga mai kauri ba takalmi, ya yi ta tafiya. Da aka same shi sai da aka yanke masa yatsun ƙafa. Ita ce ta tarbo shi a filin jirgi, a keken guragu.

Mijinta malamin lissafi ne a sakandare. Malam muke ce masa. Mutum ne mai tsokana, ni da shi ba ma haɗuwa ba mu yi ba. In na kai masa ɗinki sai ya ce hannun dama ya fi na hagu tsawo, in ce ai hannunka ne a karkace. 'Yarsu ɗaya, kuma tun tana rarrafe ta zaɓi ubanta, shi ya sa muke ce mata 'Yar Baba. Shi ke kai ta makaranta, shi ke zama da ita in zazzaɓi ya kama ta, don Yaya tana ɗaki da waya, ƙofa a rufe. Yarinyar ta bayan bango ta haddace muryar uwarta. Wata rana muka same ta ta jingina 'yartsana da filo, ta kara takalmi a kunne tana cewa, "Kina zaune? Akwai wani kusa da ke?" Muka yi dariya har da hawaye, Malam har da riƙe ciki.

Ta girma ta samu gurbin karatu a waje. Yaya da kanta ta binciki unguwar da ɗakin, ta kuma gano cewa mai riƙe da irin ofishinta a jami'ar can wata ce da suka saba zama tare a wurin taro. Hankalinta ya kwanta.

A shekarar ƙarshe ta karatun, wata safiya, Malam ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, bai ɗago ba. Ina buɗe shago wayata ta yi ƙara. Yaya ce. "Kina zaune?" ta ce. Almakashin da ke hannuna ya faɗi, don na san muryar.

Kafin in isa gidan ta gama komai. Likita ya zo ya tafi, an sanar da 'yan'uwansa, an kawo kujeru, har ruwan sha an jera a inuwa. Ni ina birgima a tsakar gida, ita tana tsaye tana nuna wa mutane inda za su ajiye mota. Da na samu numfashi na ja ta ɗaki.

"Kin gaya wa 'Yar Baba?"

"Yau take jarrabawarta ta ƙarshe. Na yi magana da ofishin can. Za a jira ta a bakin zauren."

"Ofishin can? Yaya, ubanta ne fa! Ba ni wayar."

"Tana ita kaɗai a ɗaki yanzu. Ba za ki kira ta ba."

Na zage ta, ban ɓoye ba. Na ce mata dutse ce, na ce aikin nan ya cinye ta bai bar ko ƙashi ba. Ta tsaya tana kallona kamar yadda take kallon masu buga mata tebur. Da na gama ta ce in je in zauna da ƙannensa mata, sun iso.

Abin da ya faru a can, daga bakin yarinyar na ji shi daga baya. Ta fito daga jarrabawa tana dariya da ƙawayenta, sai ga wata mata da ba ta sani ba ta kira sunanta daidai, ta ce ta zo su ɗan yi magana. Ta kai ta wani ɗaki mai kujeru biyu, da shayi, da kwalin hankici a kan tebur. Tikiti yana cikin ambulan. Yarinyar ta ce tana ganin kwalin nan ta gane, don ta girma a gidan da ake shirya irin wannan ɗakin. Sannan waya ta yi ƙara, uwarta ta ce, "Kina zaune?" A lokacin mun riga mun kai Malam makwancinsa.

Ba ta hau jirgin ba. Ta bar ambulan ɗin a kan tebur ta fita. Ba ta ƙara ɗaukar wayar uwarta ba.

'Yan ba-barci sun zo gaisuwa, na kusa da ƙafa, na nesa ta waya. Dogo ya zo da kansa, ya sunkuya ya shigo falo, ya ce wa Yaya, "Kin yi daidai. Da ni ne haka zan yi." Sauran suka gyaɗa kai. Ina daga bakin ƙofa na ji kamar in watsa musu ruwan da ke hannuna. Amma ba zan ci haƙƙinsu ba, sun raba aikinta a tsakaninsu, suka ce ta huta, su za su ji da matafiyanta. Sai ta zauna a falo hannu biyu a cinya. Ba ta kuka, ba ta magana, in an sa mata abinci ta ci, in ba a sa ba ba ta nema. Ba a daɗe ba ta kira su ta ce a dawo mata da aikinta. Ta koma ofis, na ci gaba da ganin motarta a gefen titi.

Watanni suka shige. 'Yar Baba ta gama karatu, ta samu aiki a can. Ni take kira. Ranar da ta ce za ta zo ganin kabarin ubanta sai ta ce, "Inna, a gidanki zan sauka." Na ce gidana gidanki ne, amma uwarki fa?

Ni na kira Yaya, ba da izinin kowa ba. Ta zo da la'asar daga ofis, jaka a kafaɗa. Falona ƙarami ne, rabinsa yadin mutane ya cinye, dole suka zauna gwiwa na kusan taɓa gwiwa. Suka gaisa kamar maƙwabta. Ya hanya, lafiya. Ya aiki, da godiya. Na kawo shayi ba wanda ya taɓa.

Yarinyar ce ta fara. "Umma, baƙuwa ta riga ni sanin babana ya mutu. Ina can ina rubutu, ina murna tambayoyin sun zo da sauƙi, ku kuna ɗauke da shi."

"Na sani."

"Ko muryarki ba ki canza mini ba. Yadda kike yi wa 'ya'yan mutane haka kika yi mini."

Yaya ta kalli yadin da ke kusa da ita.

"Abu ɗaya zan tambaye ki," in ji yarinyar. "Da za a mayar da ranar nan, me za ki yi?"

Ina bayan yarinyar a tsaye. Na zare wa Yaya ido, na girgiza mata kai, na yi duk abin da fuska za ta iya yi. Ƙarya ɗaya ce tak ake nema, ƙaramar ƙarya, irin wadda nake yi wa masu ɗinki kullum. Ta gan ni sarai.

"Haka zan sake yi," ta ce. "Kina ke kaɗai a ɗaki. Gara ki tsane ni kina da lafiyarki."

Ban ji komai ba a lokacin, ko haushi. Kamar an zare mini wuta. Yarinyar ma ba ta yi kuka ba, ta dai gyaɗa kai a hankali, sannan ta juyo gare ni.

"To Inna, ki yi mini alkawari. Ranar da tata ta zo, ke za ki kira ni da kanki, a take. Ko ina tuƙi, ko ina kan bene, ko ina ni kaɗai. Kar ki bari mutanensu su riga ki. Ki yi mini ihu a waya in kin ga dama."

Na ce, "Haba, 'yar nan, a gabanta?"

"Ki yi mata," in ji Yaya.

Na yi alkawarin. Yaya ta zauna tana saurare ana shirya yadda za a sanar da mutuwarta. Can ta miƙe ta rataya jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta tambayi 'yarta yaushe ne jirginta, ta wace ƙasa zai bi, wa zai tarbe ta in ta sauka.

"Inna za ta kai ni," yarinyar ta ce.

Ni na kai ta, da motar haya. Ta roƙe ni kar in faɗa wa uwarta ranar, ban kuwa faɗa ba. Washegari Yaya ta tsaya a ƙofar shagona, ba ta kashe mota ba, ta sauke gilashi. Na fito da zare a wuyana na ce mata yarinyar ta isa lafiya.

"To, madalla," ta ce. Ta ɗan jima tana kallon titi. "Ta rame. Kin lura?"

"Me ya hana ki gaya mata?"

"Ban san ta inda ake farawa ba."

Motar baya ta yi mata oda. Ta ɗaga gilashi ta wuce aiki.