Mayen Ƙarfen Jitar Yaya

Abin da na fara lura da shi a rumfar mai gyaran rediyo a kasuwar Lolo shi ne ƙananan kusoshi manne da wani baƙin mayen ƙarfe, sun yi cirko-cirko. Ni da Kawu muka kawo jitar lantarki ta marigayi yayana a duba ta. Da ita yake zuwa kiɗan biki a ƙetaren iyaka, cikin Benin, yanzu kuma Kawu zai ba abokin kiɗan Yaya ita.

Mai gyaran ya haɗa ta da lasifika, ya kaɗa. Siririyar tsirkiya ta yi ƙara mai kaifi, ta danne sauran. Wannan ƙarar nake ji ta katanga lokacin da Yaya ke kaɗa ta bayan la'asar, in ina wanke kayan makaranta.

"Wagga ai kuka take, ba kiɗi ba," in ji shi. Kawu ya yi dariya.

Ya kwance ɗan akwatin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyin, ya zare mayen ƙarfen ciki, ya sa wani mai sauƙin ja. Da ya sake kaɗawa, duka suka fito daidai, sumul. Kawu ya gyaɗa kai. Ni kuwa na kasa kunne, ban ji Yaya a ciki ba ko kaɗan.

Ban saba magana gaban manya ba. Sai da Kawu ya miƙe na ce wa mai gyaran, "Baba, don Allah ka mai da tsohon, ka kaɗa mini sau ɗaya."